Shekarar da Muka Shanya Barguna a Adjamé

Ɗana Abba ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ya zo mini da maganar zai sauke allon shagon babanku ya ɗora sabo, mai rubutun Faransanci da fitila a ciki, wai sunan "Mai Bargo" bai dace da mutanen da ke sauke kwantena a tashar jirgin ruwa ba. Ya ce abokan hulɗarsa kan yi murmushi in suka ji sunan. Ban hana shi ba, shago a hannunsa yake yanzu. Amma na lura dukanku kun taso kuna zaton babanku, Allah ya jiƙansa, mutum ne da aka haifa da sa'a a tafin hannu, wanda bai taɓa yin tuntuɓe ba, kuma kuna zaton sunan nan kirari ne aka yi masa. Ba kirari ba ne. Tsiya ce aka yi masa da shi, tsiya mai zafi, ni ma na sha rabona a ciki. Ita kuma Hadiza da ke zuwa otal ana tara su ana koya musu yadda mutum zai yarda da kansa, ta dawo tana zuba mini da Faransanci, to ta matso, ga nawa darasin.

Ni 'yar Treichville ce, a nan aka binne cibiyata. Kakanku ya zo daga ƙasar Tawa tun yana saurayi, ya zama dillalin albasa, kuma direbobin manyan motocin da ke kawo ta daga Nijar a gidansa suke sauka. Na tashi tsakar gidanmu kullum cike da tabarmi da butoci da warin albasa. Baba mutum ne mai kirki, amma abu ɗaya ya riƙe fiye da komai, shi ne rufin asiri. A wurinsa ɗan kasuwa na iya yin asara, na iya kwana da yunwa, amma kada maƙwabci ya gani a fuskarsa. Da gidansa zai kama da wuta, na tabbata sai ya gyara zaman hularsa kafin ya nemi ruwa. A cikin wannan tarbiyya na girma, kuma na yarda da ita ɗari bisa ɗari.

Babanku kuwa baƙo ne daga Funtuwa. Kawunsa ya kawo shi shagonsa da ke wajen Adjamé Mairie, inda ake sayar da filas da tangaran da fitilun hannu da ake shigowa da su ta ruwa. Dogo ne, mai yawan tambaya, mai dariya da dukan fuskarsa. Baba ya ba shi ni saboda ya ga yana tsare salla kuma ba ya ƙarya. Muka tare a Bromakoté, ɗaki ciki da falo, a gidan haya mai famfo ɗaya, inda in ka yi atishawa maƙwabta suke amsa maka. Ba a daɗe da karya darajar kuɗin sefa ba kawunsa ya sallame shi, ya kama masa ɗan shago a layinsu, ya ba shi gurbi a kwantenar da suke haɗawa, ya ce ya zaɓi kayan da zai sa da kansa. Al'adar layin nan sananniya ce. Sabon mai shago yakan duba abin da manya suka saro, ya saro irinsa, ya lallaɓa a bayansu har ƙafarsa ta yi ƙarfi. Babanku ya ce shi ba zai zama na goma sha ɗaya a layin filas ba.

Lokacin damina ce, ruwa ba ya ɗaukewa. Kun san halin mutanen Abijan, iska ta ɗan kaɗa sai kowa ya fito da rigar sanyi. Maƙwabciyarmu Tanti Akisi, mai sayar da acheke, dambun rogon nan, a bakin gida, takan ƙudundune cikin zannuwa biyu tana rantsuwa sanyin bana zai kashe ta. Babanku ya ji wannan da kunnen mutumin Funtuwa, inda in an ce sanyi, to sanyin ake nufi, irin wanda ke fasa leɓe. Ya zaga Adjamé lungu-lungu, ya dawo da yamma fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka.

"Kin san abin da na gano yau? Garin nan kaf babu mai sayar da bargon kirki. Kasuwa ce a buɗe, ba kowa a cikinta."

Na ce Allah ya sa alheri. Me zan ce? Ni ban taɓa rufa da abin da ya wuce zane ba tun da aka haife ni, na ɗauka wani ɗan mayafi yake nufi. Bai tambayi kawunsa ba, bai tambayi Baba ba, domin yana tsoron wani ya riga shi. Duk abin da aka sallame shi da shi, ya zuba a bargo.

Kaya ba su iso ba sai da damina ta wuce da nisa, a tsakiyar zafin nan da ko fanka iska mai ɗumi take hurawa. Ranar da aka buɗe kwantena, 'yan dako suka fara dariya tun daga tashar jirgi. Barguna ne masu kauri, masu nauyi, wasu da hoton damisa, wasu da manyan furanni, kowanne a jakarsa. Kafin mota ta haye gada ta iso Adjamé, labari ya riga ta. Mutane suka riƙa tsayawa a bakin shago suna ce masa "yako", kalmar da ake faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa. Tanti Akisi ta shigo ɗakinmu ta shafa guda ɗaya, ta dube ni da tausayi na gaske.

"Ma fille, 'yata, mijinki lafiyarsa ƙalau? Wannan ai ko gawa aka rufa wa sai ta yi gumi. Yako, hein!"

A makon nan aka raɗa masa Mai Bargo. Ba a sayi ko ɗaya ba.

Da abin ya tsaya a nan, da da sauƙi. Kowane ɗan kasuwa yana da kwantai, ana tura su can ƙuryar shago a sa labule, a jira dillalin da zai kwashe su a ɓoye. Amma Abijan garin ɗanshi ne. Ba a jima ba shagon ya fara wani wari, da aka zuge jakunkunan ƙasa sai ga fumfuna ta fara cin gefen bargunan. Abu biyu suka rage. Ko a rabu da su a wulaƙance kafin su ruɓe, a rufe shago, ko kuma a fito da su rana kullum, a idon duniya.

Baba ya aiko a kira mu. Muka je Treichville bayan la'asar, ina goye da Abba, da cikin Hadiza. Baba na zaune a kan buzunsa, ya kori direbobi daga wajen, ya yi magana a hankali kamar yadda ya saba.

"Malam, kowa na hwaɗuwa. Amma ɗan mutunci ba ya hwaɗuwa bisa titi. Ina da dillali mai riƙon amana, shi kwashe su ba wanda ya ji, abin da ya bada ka amsa. Ka ruhe butikin, ka taho mangazata, inda nike aje albasa, ka zamna kusa da ni. Kahin baɗi an mance."

Wallahi a raina na ce Alhamdu lillahi, ga mafita. Babanku ya sunkuyar da kai ya ce:

"Baba, na gode, Allah ya saka da alheri. Kuskure na yi, ba na musu, kuma ban tambayi kowa ba kafin in yi shi. Amma in na ɓoye shi na gudu, gobe duk abin da na ce zan yi, ni kaina ba zan yarda da kaina ba. Ina neman alfarma a bar ni in zauna a gaban kayana."

"Ka zamna ka yi mi da su?"

"Zan shanya su, Baba."

Ban taɓa ganin fuskar Baba ta canza haka ba. Ya ce, "Shanya? Bisa idon Adjamé duka? To ji nan. Ɗiyata ba ta zama gidan da ake nunawa da baki. Ta komo ɗakin uwarta har hankalinka shi dawo jikinka."

Muka koma Bromakoté a gbaka, ƙaramar motar hayar nan. Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata tana wajen Baba. Kunya nake ji, irin wadda ke hana mutum zuwa famfo. Washegari bayan asuba na ga babanku ya ɗauko igiya sabuwa da ya saya, ya tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe a tsaye. Bai juyo ba ya ce:

"In kin tafi gida ba zan ga laifinki ba, maganar mahaifi ce. Ni ma wallahi tsoro nake ji."

Ya faɗi haka, ya sa takalmi, ya fita. Ni kuwa na zauna a bakin gado na rasa abin da ke mini daɗi. A gidanmu ban taɓa jin namiji ya ce yana jin tsoro ba, amma na sha ganin manya masu babbar riga sun bi ta ƙofar baya don kada a gan su. Yau ga wanda ya faɗi tsoronsa da bakinsa, kuma ya bi ta ƙofar gaba. Na tashi na kwance kayan da na fara ɗaurewa. Akwai bargunan da aka jibge mana a falo saboda shago ya cika, na jawo su ɗaya bayan ɗaya na baza a kan igiyoyin shanyar matan gida. Tanti Akisi ta riƙe baki tana kallona, daga baya ta aje kwanon achekenta ta kama mini ɗaya gefen, tana cewa, "On va faire comment, ya za mu yi, mu shanya." Ranar na aika wa Inna cewa ina gaida Baba, amma ina ɗakina.

Na je na ga shagon da idona bayan 'yan kwanaki. Ya ɗaura igiya daga bakin rumfarsa zuwa sandar lantarki, damisoshi da furanni suna reto a rana, shi kuma yana zaune a kan benci a gabansu, da farar riga wankakkiya, gumi na zuba. Masu gbaka in sun zo wucewa sai su rage gudu su ƙwala, "Mai Bargo!" Shi kuma ya ɗaga hannu ya ce, "Na'am! Guda nawa za a kawo?" 'Yan layinsu kan leƙo su ce, "Malam, yau ƙanƙara za ta sauka ne?" Ya ce, "In ta sauka dai kun san shago." Wanda ya tambaye shi da gaske yadda aka yi, sai ya ba shi labarin tiryan-tiryan, har da zannuwan Tanti Akisi, a yi dariya tare da shi. Da yamma ya naɗe, da safe ya baza. Amma ni ke zuba masa abinci, na san loma nawa yake iya haɗiyewa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Duk da haka ban ga ranar da ya makara wajen buɗe shagon nan ba.

Abin da ba wanda ya hango shi ne, dariyar nan ta kai sunansa inda kuɗin talla ba zai kai ba. A tsakar gidan Baba ma labarin ake yi in ya ba da baya. Wani direba mai suna Illa, cikin masu sauka a gidanmu, ya ce shi sai ya je ya ga wannan abin dariya da idonsa. Ya zo yana washe baki, ya kai hannu ya damƙi bargo ɗaya, sai dariyar ta tsaya. Babanku ya ce ya daɗe yana murza shi a hannu kafin ya yi magana.

"Tsohuwata na can ƙauye bayan Tawa. In ɗari ya sauka, gaban garwashi take kwana, bara har zanenta ya kama. Naɗe mini wanga mai huranni."

Shi ne cinikin farko. Da Illa ya sake dawowa, da saƙon mutum uku ya zo. Babanku ya shigo gida ranar ya zauna, ya ce mini, "Ashe sanyin ba a Abijan yake ba. Amma rabin mutanen Adjamé suna da uwa a inda yake." Daga nan bai tsaya jiran a zo ba. Yakan saɓa bargo a kafaɗa cikin ranar nan ya nufi tashar motocin arewa, inda masu tafiya Nijar da Mali da Burkina ke neman tsarabar da za su kai gida. Wannan karon tambaya yake yi. Wane wata kuke tafiya? Wane launi tsofaffi suka fi so? Mai nauyi ko wanda zai shiga jaka? Duk baƙon da ya sauka Adjamé ya ce yana neman bargo, sai a yi dariya a nuna masa layinmu.

Kada ku ɗauka abin ya zo da gudu. Mun fi shekara muna shanya, wasu bargunan sun ruɓe duk da haka, mun ci gari da ƙuli har na daina jin ɗanɗanonsa. Da kaya suka ƙare aka zo haɗa sabuwar kwantena, kawunsa ya tambaye shi me zai sa, ya ce bargo. 'Yan layi suka ɗauka ya haukace. Shi kuwa ya kira mai fenti ya rubuta masa "Mai Bargo" a saman shago da manyan haruffa, allon da Abba ke son saukewa ke nan.

Na zauna da masu arziki da yawa a rayuwata, na ga waɗanda suka daɗe da waɗanda suka wuce kamar ruwan sama. Abin da na fahimta shi ne, ranar da babanku ya saro bargon farko yana cike da tabbaci, ba ya jin maganar kowa, wannan ba yarda da kai ba ce, zumuɗi ne, kuma kowane saurayi yana da shi. Yarda da kai ita ce ta safiyar da ya san ya yi kuskure, ya san za a yi masa dariya, yana jin tsoro, ya ɗauki igiya ya fita. Bai taɓa ce mini ya san za a saya ba. Abin da ya sani kawai shi ne dariyar mutane ba za ta kashe shi ba, ɓuya kuwa za ta kashe wani abu a cikinsa.

Amma an biya farashi, kuma ni na fi kowa biya. Baba bai zo sunan Hadiza ba. Ya aiko da rago, bai tako ba. Na zaci in kasuwa ta buɗe zai sauko, ashe buɗewar ce ta ƙara tsananta abin, domin yanzu a tsakar gidansa direbobi ke ɗaure bargunan surukin da ya ƙi jin maganarsa. Nakan haye gada in je gaishe shi, ya amsa gaisuwa, ya tambayi yara, shi ke nan. Babanku kuwa ba ya fashin zuwa gaisuwar Juma'a, ya durƙusa, Baba ya amsa yana kallon carbinsa. In zai ambace shi sai ya ce "mijinki". Shekaru muka yi a haka. Ni ce 'yar da yake kira ta zauna kusa da shi tana ɓare masa goro, na rasa wannan, kuma har yau in na tuna sai na ji zafi a ƙirjina. Ban yi nadamar zaman da na yi ba, amma ba zan ce muku bai yi ciwo ba.

Ciwon ajalin Baba ya zo masa a tsakiyar zafi. Jiki ya tsufa, jini ya yi ƙasa, sai rawar ɗari yake yi da rana tsaka alhali mu muna fifita. Inna ta tara masa zannuwanta duka, bai daina karkarwa ba. Ina zaune a gefensa ya buɗe ido ya dube ni, ya ce:

"Aika a ce ma Mai Bargo shi taho mini da guda."

Ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba sai ranar. Babanku, wanda bai rufe shago da rana ba ko a shekarar da ake yi masa dariya, ya sa kwaɗo ya taho. Bai ɗauko cikin sababbi ba. Ashe ya ajiye guda ɗaya daga kayan farko, mai hoton damisa, launinsa ya ɗan koɗe. Ya durƙusa ya rufa wa Baba da hannunsa, ya soke gefen a ƙarƙashin ƙafafunsa. A hankali karkarwar ta lafa. Baba ya fito da hannu ya murza bakin bargon.

"Wanga cikin na hwarin ne?"

"Cikinsu ne, Baba."

"Bai ruɓe ba."

"Ya sha rana, Baba."

Baba ya rufe ido, na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can sai ya ce, a hankali, "Da ka ji maganata, da yau mi zan ruhwa da shi?" Ya kama hannun babanku ya riƙe, bai saki ba har aka kira la'asar. A cikin bargon nan ya cika bayan 'yan kwanaki.

Bargon yana nan a ƙasan akwatina, nakan fito da shi rana lokaci-lokaci don kada ɗanshi ya ci shi. Abba, allo naka ne, ka rubuta abin da ka ga dama. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ka kira mai fenti, ka zo ka karɓi bargon nan, ka ɗaura igiya a bakin shago ka shanya shi, ka ɗauko benci ka zauna a gabansa tun daga safe har la'asar. Duk wanda ya tsaya ya tambaye ka, ka ba shi labarin yadda aka yi, kada ka rage komai. In ka iya wuni a wurin kana duban mutane a ido, to ka sauke allon, ka riga ka gaji abin da ke cikinsa.